Jami'a ko makarantar tauhidi, ga mai son koyar da CRS?

Ƙanwata, kin ce burinki ki koyar da darasin addinin Kirista, wato CRS, a sakandare, amma kin rasa inda za ki dosa: jami'a, ko makarantar tauhidi kamar yadda fastonku ya ba ki shawara. In dai aji kike so ba mumbari ba, ni jami'a zan ce.

Digirin koyar da CRS, irin wanda ABU Zariya ke bayarwa, shekara 4 ne ga wadda ta shiga daga sakandare, 3 ga mai NCE, takardar kwalejin horar da malamai. Ana haɗa miki Littafi Mai Tsarki da tarihin ikkilisiya da dabarun koyarwa. Za a kuma tura ki TP, wato gwajin koyarwa a aji, ki tsaya gaban allo da alli a hannu, malamin da ya zo duba ki yana zaune a bencin baya yana juya littafin shirin darasinki. Takardar wannan digirin ce ke buɗe miki ƙofar rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai da aka kafa da dokar 1993.

Makarantun tauhidi kuwa, TCNN a Bukuru, JETS a Jos, ko ta ECWA da ke Kagoro, sun fi zurfi a nassi, wannan ba gardama. Can ne za ki zauna da Helenanci da Ibrananci har ki karanta Yohanna da harshen da aka rubuta shi. Ina ganin girman hakan ƙwarai. Sai dai digirin tauhidi zalla ba takardar malanta ba ce, sai kin ƙara PGDE, wato difilomar koyarwa ta bayan digiri, kamar ta cibiyar horar da malamai ta NTI Kaduna. Kafin ki biya ko sisi, ki tambaya: wace jami'a ce za ta buga hatiminta a takardar kwas ɗin nan? TCNN tana da alaƙa da Jami'ar Jos, amma kowane kwas daban ake duba ko wannan alaƙar ta shafe shi, domin bautar ƙasa da aikin gwamnati a kan wannan suka rataya.

Ki kuma tuna ajin gwamnati ba makarantar Lahadi ba ce. Ɗan COCIN, ɗan EYN, ɗan Baptis da ɗan Katolika suna benci ɗaya, manhajar WAEC kuma ba ta bin wata ɗarika.

In makarantar ikkilisiyarku ce za ta ɗauke ki, kuma har da kula da sujadar ɗalibai, to shawarar fasto tana da nauyi. Ko a nan ma ki sa kuɗin PGDE cikin lissafi tun yanzu.