Maganin tsaba ko hodar zubawa: wanne ya fi ga jar tururuwar Teksas?

Alhaji, barka da sabon gida, Allah ya sa an shiga a sa'a. Ka tambayi wane magani za ka saya wa jar tururuwar da ta dame ka. Tsakanin maganin tsaba da ake watsawa a fili da hodar da ake zubawa a kan shuri, ka sayi na tsaba, domin shi ne ya fi kaiwa ga sarauniyar tururuwar, kuma muddin sarauniya tana raye to ba a yi komai ba.

Wannan jar tururuwar da ta cika maka bayan gida a Houston ta jihar Teksas ba irin cinnakan da muka saba da shi a gida ba ce. Asalinta Kudancin Amurka ne, wajajen Burazil da Ajantina da Faraguwai, kuma ta shigo Amurka ne ta tashar jiragen ruwa ta Mobile da ke jihar Alabama a shekarun 1930, daga nan ta mamaye jihohin kudu, har ta kai Ostireliya a 2001. Tulin ƙasar da kake gani a kan ciyawa rufi ne kawai, gidan yana ƙasa da hanyoyi masu yawa, sarauniya kuma tana can ciki tana zuba ƙwai ɗaruruwa a kowace rana, kuma tana iya yin shekaru tana haka. A Teksas ma akwai nau'in da gida ɗaya yake da sarauniyoyi da yawa, shi ya sa za ka kashe dubbai da safe, bayan ɗan lokaci ka ga kamar ba ka taɓa su ba.

Maganin tsaba barzajjen masara ne da aka jiƙa da man waken suya, aka sa masa guba kaɗan mai jinkirin aiki. Ma'aikatan tururuwar suna ɗauka su kai gida a matsayin abinci, su ciyar da junansu baki da baki har ya isa ga tsutsotsi da sarauniya. Jinkirin nan shi ne amfaninsa, domin da zai kashe nan take da mai ɗauka ta mutu a hanya. Ni wani mai suna Amdro nake amfani da shi. Lokacin da muka tare a gidanmu yara ba sa iya taka ciyawa, ƙaramar 'yata ta tsaya a kan wani shuri ba ta sani ba, washegari ƙafarta ta fito da fararen ƙuraje masu ruwa tun daga idon sawu har gwiwa. Na watsa tsabar da yamma, na tsuguna ina kallo, ba a jima ba sai ga su sun jeru kowace ta ɗauki ƙwaya ɗaya rawaya a baki tana shigewa rami. Makon farko ban ga canji ba, har maiɗakina ta ce na ba su abinci ne kawai, amma kafin wata ya cika shurukan sun yi shiru, na soka sanda ba abin da ya fito, kuma a wannan filin muka shimfiɗa tabarmi muka yi walimar sallah. Idan kana son sakamako cikin 'yan kwanaki akwai Advion, akwai kuma Extinguish wanda yake hana sarauniya haihuwa, sai dai shi yana ɗaukar wata biyu zuwa uku.

Hodar zubawa kuwa, na taɓa sayen gwangwani ɗaya, ta kashe na sama, ta cika gida da wari, sauran kuma suka kwashe sarauniyarsu suka yi sabon shuri taku kaɗan daga tsohon. Amfaninta ɗaya ne, wato shurin da ke bakin ƙofa ko wurin wasan yara wanda ba za a iya jira ba. Wannan shi ne tsarin mataki biyu da masana na jami'ar Texas A&M suke ba da shawara: a fara watsa tsaba a fili duka, bayan mako guda ko sama da haka a bi shurukan da suka fi damun mutum ɗaya bayan ɗaya. Ko a nan ma tafasasshen ruwa kimanin galan 3 yana gamawa da wajen kashi 60 cikin 100 na shurukan da aka zuba wa, sai dai yana ƙona ciyawa, kuma ɗaukarsa yana buƙatar hattara.

Yawancin masu cewa tsaba ba ta aiki lokaci ne suka kuskure. A watsa ta a busasshiyar ƙasa, ranar da ba a sa ran ruwan sama, lokacin da tururuwar ta fito kiwo, wato idan zafin ƙasa yana tsakanin digiri 21 zuwa 32 a ma'aunin salshiyos, wanda a bazarar Houston yake nufin da yamma liƙis. Hanyar gwaji mai sauƙi ita ce ka ajiye ɓallin soyayyen dankali a ciyawa, idan sun taru a kai cikin rabin sa'a to lokaci ya yi. Ba a zuba ta a tsakiyar shuri, a kewayensa ake watsawa, kuma ba a tona shi. Kimanin rabin kilo zuwa sama kaɗan yana isar eka guda, saboda haka ƙaramin gida ba ya buƙatar babban buhu.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma ya kamata ka sani game da masu sayarwa. Man da ke cikin tsabar yana lalacewa, idan ta tsufa tururuwa ba ta kula ta, kuma wasu 'yan kasuwar intanet suna karya farashi ne don su rabu da tsohon kaya, ko su ɗura shi a leda marar suna. Kada ka sayi maganin da ba a rufe yake da hatimin kamfani ba, ko wanda babu lambar rajistar hukumar kare muhalli ta Amurka a jikinsa, idan kuma ka buɗe ka ji warin tsohon mai to ka mayar. Ka guji allin kashe ƙwari da ake sayarwa a ɓoye a wasu ƙananan shaguna, haramtacce ne a Amurka, kuma yara suna ɗaukarsa allin rubutu ne. Haka nan masu ƙwanƙwasa ƙofa suna alkawarin kawar da ita har abada idan ka sa hannu a kwantiragin shekara, ba gaskiya suke faɗa ba, domin sababbin sarauniyoyi masu fiffike suna tashi bayan ruwan sama su sauka daga gidajen maƙwabta. Wanda ya ce ka zuba fetur kuma kada ka saurare shi.

Ka sayi ƙaramar robar tsaba sabuwa, ka watsa yanzu, ka maimaita sau biyu a shekara, a farkon zafi da kuma lokacin kaka, idan maƙwabta za su yarda ku yi rana ɗaya ya fi daɗewa. Ka riƙa leƙa akwatin na'urar sanyaya ɗaki da ke waje, domin suna shiga kayan lantarki su lalata su. Idan kuma ta harbi wani a gidan ya fara kumburin fuska ko numfashinsa ya yi wuya, a kira lambar gaggawa ta 911 nan take, kada a tsaya shafa man zafi.