Na'urar awon jini ta Omron M2: ta yi a ɗaki, ba ta yi a kan injin gudu ba

Cikin na'urorin awon hawan jini da ake samu a manyan kemis-kemis na titin Ahmadu Bello da shagunan kayan asibiti na cikin Kaduna, Omron M2 tana cikin waɗanda za a saya hankali kwance. Ta damtse ce, batir huɗu ƙirar AA take ci, maɓalli ɗaya ake dannawa. Lambobinta manya ne, tsoho zai karanta ba sai ya kira jika ba. Tana nuna lambar sama (ƙarfin jini lokacin da zuciya ta buga), da ta ƙasa (ƙarfinsa tsakanin bugu da bugu), da bugun zuciya a minti ɗaya.

Kafin a biya kuɗi a duba maɗaurin, domin nan aka fi yin asara. Wanda aka fi haɗo ta da shi na damtse mai kaurin santimita 22 zuwa 32 ne. Mai jiki ya sa a auna masa damtse da tef ɗin tela, in ya wuce 32 ya nemi babba mai kaiwa 42. Ƙaramin maɗauri a babban hannu ƙara lamba yake yi, sai a ɗora wa mutum ciwon da ba shi da shi. Irin na'urorin da ake ɗaurawa a wuyan hannu kuwa, gara a bar su a shago.

Yawancin ƙorafin "na'urar ƙarya take yi" daga mai awon ne. A bar goro, shayi mai kauri, kofi da taba minti 30 kafin awo. A yi fitsari, a zauna minti 5, baya a jingine, tafin ƙafa a ƙasa. Maɗauri ya hau fata kai tsaye, kamar yatsa biyu sama da gwiwar hannu, daidai saitin zuciya. Masu naɗe hannun kaftani har ya shaƙe damtse, gara su zare hannun gaba ɗaya. Ba magana, ko amsa sallama. A yi awo biyu, minti ɗaya tsakani, safe da yamma, kwana 7, a watsar da na ranar farko, a rubuta sauran a kai wa likita. Ƙasa da 120/80 shi ne abin so. A gida, matsakaicin da ya kai 135/85 hawan jini ne, duk da a asibiti 140/90 ake ɗauka. Bugun zuciya a hutu 60 zuwa 100.

In ta nuna E1, wato alamar matsala, yawanci bututun ne bai shiga da kyau ba ko iska na zurarewa. Batir mai arha na bakin titi kuma kan gaza tun maɗaurin bai gama kumbura ba.

Rauninta motsi ne. Girgizar jijiya take saurara ta cikin maɗauri, saboda haka mai tafiya a kan injin gudu ko keken motsa jiki ba zai samu lamba ta gaskiya ba. A gwajin zuciya na motsa jiki, asibiti da abin saurare da famfon hannu ake awo, ana ƙara gudu da tudu duk minti 3, ga wayoyin ECG, masu bibiyar aikin zuciya, a ƙirji. A can lambar sama dole ta hau. Sai ta wuce 210 ga namiji ko 190 ga mace ake cewa ta yi yawa. Ta ƙasa tsayawa take yi ko ta ɗan sauka. Ana dakatar da gwajin in an haura 250 a sama ko 115 a ƙasa, kuma abin da ya fi tayar da hankalin likita shi ne lambar sama ta faɗi da fiye da 10 alhali aiki na ƙaruwa. Ƙololuwar bugun zuciya a minti kuwa 220 ce a cire shekaru: ɗan shekara 50 yana da 170, ana so ya kai kashi 85 cikin ɗari, wato wajen 145, sannan ya sauko da fiye da bugu 12 a mintin farko bayan tsayawa.

Masu zagaye a Murtala Square da asuba su jira aƙalla minti 30 bayan sun dawo kafin su ɗaura ta. Sabuwar na'ura kuma a tafi da ita asibiti sau ɗaya, a gwada lambarta da ta ma'aikaciyar jinya a hannu guda.