THEC64: don wasanni na saya, SYS 49152 ya hana ni barci

Don wasanni na sayi THEC64, babbar mai madannai masu aiki, wadda aka kwaikwayi Commodore 64 ta 1982. Wasannin suna nan lafiya. Amma BASIC ɗin, harshen rubuta shiri da ke cikinta, shi ne ya cinye min dare.

Na rubuta ɗan shiri da FOR (umarnin maimaita aiki) da POKE (umarnin zuba lamba a gurbin ma'ajiya) don in cika allo da harafi ɗaya, gurbi dubu na ma'ajiyar allo, daga 1024 zuwa 2023. Wallahi sai da na harɗe hannu ina kallon haruffan suna jan ƙafa kamar layin gidan mai. Sai na maida aikin harshen na'ura, wato lambobin da take aiwatarwa kai tsaye ba fassara: na jera lambobi a DATA, READ ya ɗauko, POKE ya zuba su daga 49152, wani wuri mai 4K a ma'ajiya da BASIC ba ya taɓawa. Na buga SYS 49152, umarnin da ke tayar da shirin da ke wannan gurbi. Kafin in ɗaga yatsa allo ya cika! Na'ura ɗaya, tana kwaikwayon 6510, ƙwaƙwalwar Commodore 64 mai gudun kusan megahaz ɗaya, ashe fassara layi-layi da BASIC ke yi ce ke cin lokacin.

Mai son gwadawa, lambobi huɗu sun isa: 238, 32, 208, 96. Ukun farko suna ƙara ɗaya a kan lambar da ke gurbi 53280, launin gefen allo ya canza, 96 kuwa RTS ce, ita ke dawo da kai BASIC. Cire ta ka sa 76, 0, 192, masu maida shirin farkonsa ba tsayawa, gefen ya rikiɗe ratsi-ratsi, sai madannan RUN/STOP da RESTORE su cece ka. In kana son miƙa wa shirin wata lamba, zuba ta a gurbi 780, 781 ko 782 kafin SYS. USR ma akwai, wani umarnin kiran harshen na'ura, a 785 da 786 ake nuna masa hanya, amma wahalarsa ta fi amfaninsa a wurina.

Sai dai fa ba sani ba sabo. Lamba ɗaya ta karkace a DATA, na'ura ta sandare shiru, ko ?SYNTAX ERROR ba za ka gani ba, in ba ka adana ba sai sabon bugu.

Da tauraro biyar zan ba ta, sai na tuna mai kayan. Kwali a murƙushe, wayar HDMI babu, sai da na ciro ta talabijin ɗin falo, gida ya ɗau surutu. Na kira, wai yaronsa ne ya ɗaure kayan, zai aiko. Har yau shiru. Huɗu na bayar, shi kuwa ko ƙwandala tawa ba zai ƙara gani ba.