Yini ɗaya daga Gusau: Zariya ko Sakkwato?

Hajiya, kin ce yaranki biyu sun kusa gama sakandare, kina so ku fita daga Gusau da safe ku dawo kafin dare, su ga jami'a da idonsu, su kuma ga garin tarihi, kin rasa wanda za ki zaɓa tsakanin Zariya da Sakkwato. Tunda jami'a ce kan gaba a niyyarki, ni Zariya zan ce. Amma bari in faɗi dalili, don Sakkwato ma tana da abin da Zariya ba ta da shi.

Nisa ba zai raba gardama ba. Gusau kusan a tsakiya take, kowane ɓangare bai yi nesa da kilomita 200 ba. Abin da ya bambanta su shi ne inda hanya za ta sauke ku. In kun bi ta Kwatarkwashi, Tsafe, Funtuwa da Giwa, kafin ku shiga cikin Zariya za ku fara cin karo da Shika, inda asibitin koyarwa yake, sai Samaru, ga ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello a bakin titi. Ba ku ɓata ko minti goma wajen nemanta ba. Hanyar Sakkwato kuwa ta Bunguɗu, Maru, Talatar Mafara da Tureta ta kudu take shiga gari, mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo kuma yana can wajen Dundaye, sai kun ratsa garin kun ƙetare gulbi. Ga mai yini ɗaya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Ita Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) an buɗe ta a 1962, kuma gari ce sukutum. Yaron da bai taɓa ganin makarantar da ta wuce tasu girma ba, in ya tsaya gaban ɗakin karatu na Kashim Ibrahim ya ga ɗalibai na shiga da fita kamar ranar kasuwa, 'yan Borno da 'yan Binuwai da Yarabawa da mutanenmu, wani abu zai motsa a zuciyarsa wanda wa'azin shekara ba zai motsa ba. Ki kai su sashen zane-zane su ga sassaƙe-sassaƙen da ɗalibai suka bari a fili, sannan su leƙa Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta girmi jami'ar kanta. Ki gaya musu cewa irin masara da dawa da wake da manomanmu ke saye mai suna SAMMAZ da SAMSORG da SAMPEA, wannan "SAM" ɗin Samaru ce. Ɗan Zamfara da ya tashi yana ganin gona ya kamata ya san akwai masu digiri uku da aikinsu ke nan. In ɗayansu na sha'awar lauya, tsangayar shari'a tana Kongo, ɗaya harabar jami'ar a nan Zariya. In kuma tuƙin jirgi yake mafarki, kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a 1964 tana nan tsakanin Samaru da cikin gari, ko daga titi za su iya hango ƙananan jirage. Ga Barewa, makarantar da ta yaye Sardauna da Tafawa Ɓalewa tun tana Katsina, da Gowon da Murtala bayan ta dawo Zariya. Duk wannan a gari ɗaya.

Jami'ar Danfodiyo an kafa ta a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, aka sa mata sunan Shehu a 1988. Makaranta ce mai natsuwa da tarbiyya, kuma da yawa daga malamanmu da alƙalanmu na Zamfara can suka yi karatu, don sai a 1996 aka cire mu daga jihar Sakkwato. Sai dai gine-ginenta a warwatse suke cikin fili mai faɗi, abin da baƙo zai kalla cikin awa biyu bai kai na Samaru ba.

A fagen tarihi kuwa magana ta juya. Sakkwato ta tattara nata wuri ɗaya: Hubbaren Shehu, wanda ya rasu a 1817, inda 'yarsa Nana Asma'u ma take kwance, ga Masallacin Shehu, ga Masallacin Bello, ga fadar Sarkin Musulmi, duk a cikin tsohon garin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809. Sai gidan adana tarihi na Waziri Junaidu, mai tsofaffin rubuce-rubuce da kayan yaƙi, da Giginya inda aka gwabza da Turawa a Maris ɗin 1903. Wannan tarihinmu ne kai tsaye, tunda Malam Sambo Ɗan Ashafa da ya kafa Gusau almajirin Shehu ne. Na Zariya ya fi tsufa amma ya fi wuyar gani. Ganuwar da ake dangantawa da Sarauniya Amina ta zube a wurare da yawa, sai ƙofofi irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Gayan da Ƙofar Kuyambana. Ƙofar fadar Sarkin Zazzau da adonta ta cancanci tsayawa. Amma masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa zamanin Sarki Abdulkarimu, wanda shi ne abin alfaharin ginin Hausa, wani sashensa ya rufta a watan Agustan 2023 ana sallar la'asar, aka rasa rayuka, Allah ya ji ƙansu. Kada ki yi wa yara alkawarin ganinsa yadda yake a hotuna.

Saboda haka in da Inna za ku tafi don ziyara, Sakkwato ce, kuma ku bari sai lokacin hunturu, don zafinta daga Maris zuwa Mayu ba na yawo da tsohuwa ba ne. Amma na yaran nan, ku yi Samaru da hantsi, ku yi azahar a can, ku shiga birni ku ga fada, ƙarfe biyu da rabi ku kamo hanya.

Ku zaɓi Talata ko Laraba lokacin da ake karatu, don ranar Asabar ko lokacin hutu gine-gine kawai za su gani. Sannan batun da duk mun sani: hanyoyin nan biyu kowace tana da wuraren da ake fargaba, tsakanin Tsafe da Funtuwa a nan, yankin Maru zuwa Tureta a can. Ki tambayi direbobin tasha labarin hanya tun daren jajibiri, kada ku fita da duku-duku, sai motoci sun fara zirga-zirga. In la'asar ta riske ku a Zariya, ki nemi masauki ku kwana, ku taso da safe.