Kayan da na saka wa tsohuwar 1911 ɗina ba tare da an taɓa firam ba

Masu tsohuwar fistol irin ta sojan Amurka, M1911A1, ga yadda na samu kayan nan da ake talla wai ɗaurawa kawai za ka yi ba sai an yanka komai ba. Tawa Remington Rand ce ta 1944, kamfanin tafireta ɗin nan da ya koma ƙera bindiga lokacin yaƙin duniya na biyu. A Amurka nake zaune kuma wajen dila mai lasisi na saye ta, kar wani a gida ya ɗauka haka dokar take ko'ina.

Matsalarta ɗaya, hamar, wato ƙarfen bayan bindiga da ke bugawa harsashi ya tashi, tana cizon hannu. Duk harbi in silaid, wato saman bindigar mai zamewa, ya dawo baya sai hamar ta matse fatar da ke tsakanin babban yatsa da manuni, kafin ka ƙarar da magazin biyu wurin ya yi jawur har ya fashe. Maganin da kowa ya sani shi ne bibatel, wato seftin bayan mariƙi mai faɗin wutsiya, amma irin na gasar harbi sai an goge ƙahoni biyu da ke bayan firam, wato gangar jikin bindigar, kafin ya zauna, ni kuwa wallahi ba mai sa fayil a jikin ƙarfen da aka buga wa UNITED STATES PROPERTY tun 1944. In ka yanka shikenan, ƙarfe baya tsirowa, kuma masu tara irin waɗannan bindigogin da sun ga an goge wurin nan kuɗinta ya faɗi.

Sai na yi odan wanda ba ya buƙatar yanka. Gaskiya cizon ya tafi gaba ɗaya, hannu na zama sama sosai, riƙon ya fi daɗi. Amma maganar ɗaurawa kawai ɗin nan akwai ƙari a ciki. Na farko doguwar hamar asali bata shiga wutsiyar, dole ka haɗa da gajeriya mai zobe irin ta Commander, wato gajeren samfurin 1911. Na biyu sai da maƙerin bindiga ya ɗan goge sabon seftin kafin ya riƙa sakin kunama daidai, shi ya kuma gwada min duk seftocin. Wannan ba aikin da za ka yi a falo kana kallon YouTube bane, kai wa mai sana'ar. A ido kuma akwai ɗan giɓi tsakanin bibatel ɗin da firam, kalarsa baƙa ƙirin ita kuma bindigar toka-toka ce, duk wanda ya san 1911 zai gane baƙo ne.

Mariƙin roba da na sa madadin na filastik ruwan ƙasa ba laifi ko hannu ya yi gumi, sai dai a bi sukurorin a hankali don wani lokaci suna fitowa da bushin ɗinsu, wato 'yan ƙarafan da suke ɗauruwa a ciki, zaren kuwa a jikin firam yake. Sifirin da ke mayar da silaid gaba, sabo mai ƙarfin fam 16 na saka, shi kam ba wata wahala.

Hamar asali da seftin da mariƙan duk na shafa musu mai na ƙulle a leda, ranar da na so cikin awa ɗaya za a mayar. In harbi kake da ita a filin atisaye saya, kuɗinka bai faɗi ba, amma ka ware na maƙeri tun farko. In ta ajiya ce barta yadda ta zo.