Koci ko Jami'in Lafiya: Wa Zai Fara Duba Yaron da Ya Faɗi a Fili?

A makarantun sakandare na Amurka, wasu na da jami'in kula da lafiyar 'yan wasa, wasu kuwa sun jingina komai a wuyan koci da lambar wayar kiran motar asibiti.

Kocin ba jahili ba ne, galibi ya yi kwas ɗin taimakon gaggawa, kuma ba ya ƙara wa makaranta kashe kuɗi. Sai dai hankalinsa na kan cin wasa. Yaro ya gwara kai, ya miƙe yana layi yana cewa "lafiyata ƙalau", ran koci na son ya yarda.

Jami'in kuwa ba ruwansa da sakamakon wasa. Ƙungiyar likitocin Amurka ta amince da sana'ar tun 1990, yanzu ma sai da digiri na biyu da jarrabawar ƙwarewa ake shiga. Zai duba idon yaron, ya tambaye shi da wa ake buga wasan, in ya ji amsar na tangal-tangal, ya zaunar da shi. Tun 2009 jihar Washinton ta yi dokar hana irin wannan yaro komawa fili ba tare da izinin ma'aikacin lafiya ba, kuma zuwa 2014 duk jihohi 50 sun bi sahu.

Inda bambancin ya fi tsanani shi ne atisayen watan Agusta, lokacin tsananin zafi a can. Wanda zafi ya kayar, jami'in zai tsoma shi cikin bahon ruwan ƙanƙara nan take, kafin a yi maganar asibiti. Jiran mota a nan na iya kashewa.

Albashin jami'in ne ke kayar da makarantun karkara, shi ya sa wasu ke aron jami'i daga asibiti ranar wasa kawai.