Casio fx-991ES PLUS da lissafin furakshan ɗin 'yata

Don aikin gida na 'yata na sayi wannan kalkuleta, amma yanzu ni na fi ta taɓa ta. Abin da ya fi ba yarinyar wahala shi ne mayar da lamba mai haɗe da ɓangare, kamar 3 da 6/8, ta zama furakshan guda wanda lambar sama ta fi ta ƙasa.

Da hannu muke farawa: 3 sau 8, 24, a ƙara 6, ya zama 30/8. A nan take ajiye biro ta ce ta gama, alhali saura a raba sama da ƙasa da 2. Sai in miƙa mata kalkuleta. Ta danna SHIFT da maɓallin furakshan, gurabe uku su fito, ta cike su, ta danna =, sai ga 15/4 a rage tsaf. Ranar farko har tsaki ta yi, wai na'urar ta yi kuskure! Danna SHIFT da maɓallin S⇔D kuma yana mayar da shi 3 da 3/4.

Abin da ya burge ni, lambobin suna fitowa sama da ƙasa, kamar a littafinta. Amsa kawai kalkuletar take bayarwa, ban da matakai, shi ya sa nake ɓoye ta a aljihu sai an gama da biro.